Yaronki ya iya jan baƙi, mai fassara ya rasa

Assalamu alaikum Malama. Ni uwa ce a unguwar Rigasa da ke Kaduna. Yaron nan nawa shekararsa 13, yana aji 2 na ƙaramar sakandare. In ya ɗauki littafin Turanci yana karantawa sai ki rantse mai karanta labarai ne a rediyo, amma da an tambaye shi me ya karanta sai ya yi zuru. A zangon da ya wuce 4 cikin 20 ya ci a auna fahimta, insha'i kuwa layi uku ya rubuta ya tsaya. Mun ɗaukar masa malamin lesin, kullum yana ba shi kalmomi 20 ya haddace da ma'anarsu, wata 4 ke nan shiru. Mahaifinsa ya ce daƙiƙi ne, gara a kai shi Panteka ya koyi sana'a. Ni kuma Turancina bai taka kara ya karya ba, ina gama sakandare aka yi min aure. Yaya zan yi?

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya raya mana su, ya yi musu albarka.

Bari in fara da abin da ba ki gaya min ba: wannan yaro ɗan farinki ne. A cikakkiyar wasiƙarki kin kira ƙannensa biyu da sunayensu (na cire wurin kafin a buga), shi kuwa tun daga sallama har ƙarshe "yaron nan" kike ce masa. Babu inda kika rubuta "ɗan fari", amma duk Bahaushiyar da ta karanta za ta gane, don ta san alkunya. To abin da na yi yanzun nan, shi ake nema a wurinsa a jarrabawar auna fahimta. Mutum ya ɗauki abin da ke kan takarda, ya haɗa da abin da ya riga ya sani, ya fito da abin da marubuci ya bari a ciki. Kuma yaronki yana yin haka kullum. Ranar da babansa ya shigo ya jefar da makulli a kan tebur bai amsa sannu da zuwa ba, kin taɓa ganin ya je ya tambaye shi kuɗin kallon ƙwallo? Wa ya gaya masa yau ba rana ba ce? Daƙiƙi ba ya karanta fuska haka.

Abin da ke damunsa kin san shi a wurin tafsiri. Akwai mai jan baƙi, akwai malam mai fassara. Mai jan baƙi zai iya zuba ƙira'a har jikin mutum ya yi sanyi, amma jama'a na jiran malam ya warware musu da Hausa. Yaranmu da yawa sun fito firamare da gwanintar jan baƙin Turanci. Sun san yadda baƙaƙe ke haɗuwa su ba da sauti, kunnensu kuma ya saba da hadda tun daga makarantar allo. Fassarar ce ba wanda ya zauna ya yi musu. Laifin ba na yaro kaɗai ba ne. Kowa a jihar nan ta Kaduna ya tuna 2017, lokacin da gwamnati ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 gwaji da tambayoyin 'yan aji 4, aka ce 21,780 ba su kai makin da aka yanka ba. An yi ta cece-kuce a kan yadda aka yi gwajin, ni ma ina da nawa ra'ayin, amma ya isa ya nuna miki cewa tushen da aka ɗora yara da yawa a kai yana da rauni.

Na yi sama da shekara 20 ina koyar da Turanci a ƙaramar sakandare a garin nan, kuma akwai ranar da ba na mantawa. Na ba wani yaro ɗan sakin layi a kan wani masunci. Ya karanta tsaf, yana tsayawa a waƙafi, yana sauke murya a aya. Na ce, to, masuncin nan ya kamo kifi ko bai kamo ba? Ya ce ya kamo da yawa. Na ce ina ka gani? Ya ɗora yatsa a kan "the river was full of fish", yana kallona da ƙarfin gwiwarsa. Gaskiyarsa kuwa, haka aka rubuta, kogi cike yake da kifi. Sai dai jimlar da "although" ta fara, a ƙarshenta kuma masuncin hannu Rabbana ya koma gida. Kalma ɗaya tak ya haura ta kai, wato "ko da yake", ita ce kuma ta juya maganar gaba ɗaya. Daga ranar na rage bin manyan kalmomi, na koma kan ƙananan nan da ke riƙe da jimla: although, however, unless, instead, despite, therefore. Ba su da yawa, ba su da kwarjini, yara na tsallake su kamar kwata, alhali a kansu masu shirya jarrabawa ke ɗana tarko. Ki sa ya rubuta su a jikin kwali da Hausarsu a gefe, ko da yake, sai dai, in ba, maimakon haka, duk da, saboda haka, a manna a inda yake cin abinci.

Yanzu batun malamin lesin. Ki yi lissafi da kanki: kalma 20 kullum, kwana 5 a mako, wata 4. Sun haura 1,500. Yau da daddare ki buɗe shafin makon farko ki zaɓi 10 ki tambaye shi. In ya kawo 3, ki gode wa Allah. Wannan ɗibar ruwa da kwando ne, kuma ba don malamin mugu ne ba, shi ma haka aka koya masa. Kalma kamar baƙo take a unguwa. Ranar da aka gabatar miki da shi kin ji sunansa, gobe kin manta. Sai kin sake ganinsa a gidan suna, kin haɗu da shi a kasuwa, kin ji ana zancensa, sannan ya zama sananne. Ki dubi kalmomin ƙwallo da ke bakin yaron nan, su fenariti da ofsayid da sauran tarkacensu. Wa ya rubuta masa su a allo? Ya ji su ne sau ɗari a gidan kallo, a daidai lokacin da abin ke faruwa, zuciyarsa kuma na wurin. Ƙari a kan haka, ma'anar da ƙamus na Turanci zalla ke bayarwa sau da yawa ta fi kalmar kanta wuya, sai yaro ya haddace duhu a kan duhu.

Kalma 2 a rana sun isa, kuma a ciro su daga littafin da ake yi musu a aji, ba daga ƙamus ba. Ya sami ƙaramin littafi na musamman. Ya rubuta kalmar, ya rubuta ma'anarta da Hausarsa ta baka, sannan ya sa ta a jimla a kan rayuwarsa, ƙanwarsa ko layinku ko mai shagon bakin titi. Gobe a waiwaye ta, bayan kwana 3 a sake, bayan mako a sake. Waiwayen nan shi ne karatun.

Akwai kuma wata dabara da harshenmu ya riga ya koya masa. Ki ce ya kawo miki dangin "karanta": karatu, makaranta, makaranci, karantarwa. Ki tambaye shi me "ma" ke yi a maɗinki da mabuɗi da masallaci. Zai lura da kansa cewa wani lokaci mai yin abu take nunawa, wani lokaci abin aiki, wani lokaci wuri. Turanci ma haka yake tafiya da iyali. Wanda ya san care, ya san abin da ful da less da ness ke yi a wutsiyar kalma, ya sami careful da careless da carelessness a kuɗin guda. Ki kuma tuna masa cewa bakinsa cike yake da Turancin da ya sa babbar riga: direba, kafinta, tela, bokiti, tebur, makaniki. Yara na jin daɗin farautar irin waɗannan, kuma tsoron harshen na raguwa.

Wani abin da hadda ba ta koyarwa shi ne kalma ɗaya tana da fuska da yawa. Ki ba shi "ci": ci tuwo, ci jarrabawa, ci bashi, ci amana, ci kasuwa, ci mutunci. Ki ce a cikinsu wanne ake yi da baki? Zai yi dariya. Sai ki ce to yaya kake gane wanne ake nufi? Zai ce ai daga abin da ke kusa da ita. Shi ke nan, ya faɗi dokar da kansa. In ya haɗu da baƙuwar kalma a Turanci, kafin ya ruga ƙamus ya dubi maƙwabtanta tukuna, ya yi hasashe, sannan ya duba ya ga ko ya dace.

Sai dai hasashen nan ba ya yiwuwa in baƙin sun fi 'yan gida yawa. Masu nazarin koyon harshe na biyu, irin su Paul Nation na ƙasar Niyuzilan, sun nuna cewa sai mai karatu ya san kusan kashi 98 cikin 100 na kalmomin shafi kafin ya fahimce shi shi kaɗai ba mataimaki. Wato baƙuwar kalma 1 a cikin kowace 50. Saboda haka ki nemo masa littattafan labari masu sauƙi, ko da na 'yan firamare 4 ne, a wurin masu sayar da tsofaffin littattafai ko a ɗakin karatu na jiha. Ya buɗe shafi ɗaya, duk kalmar da bai sani ba ya lanƙwasa yatsa. In yatsun hannu guda suka ƙare kafin shafin ya ƙare, littafin ya fi ƙarfinsa a yanzu, a ajiye masa. Kada kowa ya yi masa dariya don yana karanta littafin ƙannensa. Ki ce shi zai riƙa karanta musu, sai abin ya zama girma.

Na dawo kan inda kike ganin ba ki da abin yi, alhali nan ne aikinki ya fi na kowa. Gano abin da ba a faɗa ba aikin ƙwaƙwalwa ne, ba na Turanci ba, kuma da Hausa za ki fara horar da shi. Kina tuƙa tuwo, yana miƙo miki gari, sai ki ba shi ɗan labari kamar haka:

"Hajiya ta leƙa zaure ta dawo da sauri. Ta ɗaga murfin tukunya ta yi shiru, sannan ta ƙara ruwa a miyar, ta ce a shimfiɗa babbar tabarma."

Ki tambaye shi me ya faru. Zai ce baƙi aka yi. Kada ki tsaya nan, don ba amsar ce abin nema ba. Ki ce, "Ta yaya ka sani?" Ki bar shi ya lalubo: ta leƙa zaure, ta ƙara ruwa, babbar tabarma. Ki ƙara matsa shi. Ta san da zuwansu? A'a. Ta yaya ka sani? Ai da ta sani da tun farko ta yi miyar da yawa. Su nawa ne, ɗaya ko da dama? Da dama, tunda babbar tabarma aka ce. Sai ki jefa masa wadda ba ta da amsa: daga wane gari suka zo? In ya ce Zariya, ki ce nuna min. Zai duba ya rasa. A nan zai koyi bambancin hasashe mai hujja da canki-canka, kuma a nan ne yawancin maki ke zubewa a jarrabawa, yaro ya kawo amsa daga kansa, ba daga takarda ba. Su kacici-kacicin da muka taso da su ma aikinsu ke nan. "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya." In ya ce tsintsiya, ki ce me ya sa ba tabarma ba? Karin magana ma haka, ki faɗa, shi ya kawo yanayin da za a yi amfani da ita.

Bayan mako 2 ko 3 sai ku haura zuwa Turanci, kuma ga yadda raunin Turancinki zai zama riba. A karatun zaure ɗalibi ke ja, malam na fassarawa. Ku sai ku juya. Ya karanta jimla biyu ko uku, ya rufe littafin, ya gaya miki da Hausa me aka ce. Ke ba kya buƙatar sanin kowace kalma. In labarin da ya ba ki bai haɗu ba, mutumin da aka ce ya mutu ya dawo yana magana, kunnenki zai kama, sai ki ce a'a, koma ka duba. Yaro in ya ga da gaske uwarsa ba ta san abin da ke shafin ba, kuma tana son ji, ya fi dagewa fiye da in malami ne da ya riga ya san amsa. Minti 20 tsakanin magariba da isha'i, ko bayan ya dawo daga Islamiyya ya huta. Kada ya wuce haka, kuma kada bulala ta zo kusa da wurin.

Na san za a sami wanda zai ce miki Hausa ce ke ɓata wa yara Turanci, har wasu makarantu na cin tarar wanda ya yi ta a aji. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Ile-Ife, inda aka koyar da yara duk darussan firamare na shekara 6 da Yarbanci, Turanci kuma aka ba shi ƙwararrun malamai a matsayin darasi. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, a darussa da dama ma sun fi su. Abin da yaro ya fahimta da harshen uwarsa ba ya ɓacewa, suna kawai yake nema a sabon harshe.

Insha'in da ya tsaya a layi uku bai ba ni mamaki ba. An ce ya gina ɗaki, ba a koya masa buga tubali ba. Ku bar maganar shafi guda tukuna, ku zauna a kan jimla ɗaya. Tunda a Rigasa kuke, ga tashar jirgin ƙasa a bayanku. Ya rubuta: "Jirgi ya tashi." Ki tambaye shi wane jirgi, daga ina, zuwa ina, yaushe. Kowace amsa ya ƙara ta, har ta zama "Jirgin ƙasa ya tashi daga Rigasa zuwa Idu da sassafe." Sannan ki ba shi kan jimla ɗaya da wutsiya uku ya ƙarasa: "Kawu ya makara zuwa tasha saboda…", "Kawu ya makara zuwa tasha amma…", "Kawu ya makara zuwa tasha, don haka…". Ta farko na neman dalili, ta biyu na neman juyi, ta uku na neman abin da ya biyo baya. Ya yi da Hausa da baki, ya mayar Turanci a rubuce da because da but da so. Wata ranar ki yayyanka kwalin taliya, a rubuta kalma ɗaya a kowane yanki, a watsa a tabarma ya jera. Ƙannensa za su shigo ciki ko ba a gayyace su ba.

Za ki riƙa ganin wani kuskure yana maimaituwa, ki san asalinsa don kada ranki ya ɓaci. Mu muna cewa "Kawu ya tafi", da suna da wakilinsa a jere, sai yaro ya rubuta "Uncle he went". Muna "jin" yunwa, muna "shan" magani, sai ya ɗauko hear da drink ya dasa a inda Bature ba ya sa su. Wannan alama ce ta yaro mai tunani da harshe guda yana rubutu da wani. A nuna masa sau ɗaya a gefe da gefe, ga yadda Hausa ke yi, ga yadda Turanci ke yi, ya fi a yi masa jan biro sau goma. Wannan ɓangaren shi za ki damƙa wa malamin lesin. Ki same shi cikin mutunci, ki ce Malam, a rage kalmomin zuwa 2, sauran lokacin a karanta sakin layi ɗaya a tattauna, a gyara jimla 5 da yaron ya gina da kansa. In ya karɓa, madalla. In ya ce shi ba a koya masa aiki, kuɗin wata guda ya isa ƙamus na Turanci da Hausa da littattafan labari da dama.

A gefe guda, in kin lura yana yawan cewa "na'am?" ko yana matse ido in yana kallon nesa, a duba shi. Mun yi sa'a, Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da Cibiyar Ido ta Ƙasa duk a Kaduna suke.

Saura maigida. Kada ki yi jayayya da shi a kan Panteka, don ba wurin banza ba ne. Mutanen da ke ƙera injin niƙa da ƙofofi da tukwane a can suna riƙe da gidaje, wasu sun fi masu digiri rufin asiri. Amma ki tuna masa a hankali, ba a gaban yara ba, cewa mai sana'ar yau yana karanta takardar da ta zo da inji, yana rubuta wa mai kwangila farashi, yana amsa saƙo a waya. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ma ta wajabta karatu har ƙarshen aji 3 na ƙaramar sakandare, inda ake zana jarrabawar kammalawa da ake kira BECE. Shekara ɗaya da 'yan watanni suka rage masa. Ki roƙi alfarmar wannan lokacin, in ya so a riƙa kai shi wurin sana'ar ranar Asabar da lokacin hutu. Abu ɗaya da zan so ki dage a kai shi ne kalmar nan ta "daƙiƙi" ta fita daga gidan. Yaron da ya ji ta daga bakin ubansa yakan daina ɗaga hannu a aji, don a ganinsa an riga an yanke hukunci.

Ranar da za ki ba shi labarin miyar Hajiya, ki daidaita lokacin da baban nasa ke zaune a tsakar gida. Kada ki ce masa komai, kada ki ce ya saurara. Ki dai ɗaga murya kaɗan wurin "ta yaya ka sani?", ki bar yaron ya jero hujjojinsa.